Baba Isyaku da Ƙafafun Auwalu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, 9 ga watan Yulin 2025, cikin watan Muharram, kira ya zo kan Malam Isyaku Garba Panshekara, jami'in gashin ƙashi na kilinik ɗin masana'antar man girki da nake aiki a Sharada, wanda babba da yaro muke kira Baba Isyaku. Ya rasu da hantsi a asibiti bayan jinyar kwana shida, yana da shekara sittin da takwas, aka yi masa sutura bayan La'asar a Panshekara. Ina cikin wanke wa wani lebura yatsan da inji ya datse, Abdullahi ɗan marigayin ya bugo mani waya. Na ƙarasa ɗaurin, don ba a barin ciwo a buɗe, sannan na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa.

Baba, ni ce Sa'adiya, nas ɗin da ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashinku. Gobe Litinin za a yi maku addu'ar arba'in, kuma na so ƙwarai in rubuta maku ta'aziyya ta yabo da addu'a zalla, irin wadda ta dace da ku. Na gwada na kasa. Zuciyata cike take da ƙyamar abin da na gani a kwanakin nan, kuma kun san ni, ban iya haɗiye magana ba. Sau nawa kuka ce mani bakina ya fi allurata kaifi. Ga kuma maganar Auwalu mai duba tankunan mai, wanda ƙafafunsa suka daina jin ƙasa alhali aikinsa a sama yake. Kun rasu kuna ƙoƙarin sauko da shi ba tare da ya rasa abincin iyalinsa ba. Kun bar mani maganar a hannu, ni kuma na ɓata ta.

Kun zo mana ne bayan kun yi ritaya daga wani asibitin gwamnati, inda kuka yi kusan shekara talatin kuna koya wa masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Kamfani ya ɗauke ku don ku riƙa gasa wa leburori baya da kafaɗa. Ku kuma kuka ƙara wa kanku wani aiki da babu wanda ya sa ku, wato awon tafiya. Kuka ce a wurin da mai ke zuba a ƙasa kullum, kuma mutane ke bin gadar ƙarfe a saman tankuna masu tsawon bene biyu, wajibi ne a san wanda ƙafarsa ke riƙe shi da wanda Allah ne kawai ke riƙe shi.

Kayan aikinku sai su ba mutum dariya. Buhunan takarda ne da aka zazzage, ku farke su ku jera a barandar kilinik tsawon taku goma sha biyu, sai bular wanki da nake jiƙawa a tire, da tef ɗin tela, da agogon hannunku. Mutum ya taka bula, ya bi ta kan takarda, ku kuma ku durƙusa da gwiwoyin nan naku masu ƙara kuna auna tsawon takunsa, da faɗin da ke tsakanin sawun dama da na hagu, da inda yatsunsa ke kallo, da ko diddige ne ke fara sauka. Daga nan ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, kuna tsaye a bayansa da hannuwa a buɗe. Na ƙarshe, ya sa takalmin aikinsa, ya ɗauki jarka cike, ya ratsa tsakuwar tsakar kamfani kuna biye da shi kuna tambayarsa labarin gona da farashin taki, har ya manta ana kallonsa. Kukan ce namiji idan ya san ana kallonsa tafiyar ango yake yi. Da fari leburori sukan zo awon da kayan Juma'a, har da hula da turare, wai za su ga likita. Ku yi masu barka da ado, ku kora su su sako kayan aiki.

Shekarun nan duka tafin hannuna shuɗi yake. Maigidana har cewa yake ya auri nas an kawo masa 'yar marina. Da na kawo maku ƙararsa sai kuka saya mani safar hannu, kuka ce in gaishe shi, in ce masa bula ba ta hana tuƙa tuwo.

Tagar kilinik tana kallon masallacin kamfani, don haka na sha ganin wani abu da mutane da yawa ba su gane ba. Bayan Azahar kukan riga kowa fitowa, ku sunkuya kuna jujjuya takalman jama'a kamar mai neman nasa. Ana ta tsokanarku cewa tsufa ya zo, Baba bai gane takalminsa. Alhali ƙasan takalman kuke dubawa, wanne ya cinye ta gefe ɗaya, wanne bakinsa ya goge saboda mai shi yana jan ƙafa. Washegari sai in ga kun riƙo hannun mai takalmin kuna hira, kun nufo baranda da shi, ku ce mani in jiƙa bula.

Amma abin da ya sa leburori ke ba ku ƙafafunsu ba tare da tsoro ba, wata ƙa'ida ce da kuka ɗora wa kanku. Kun san halin kamfani sarai: duk takardar da ta isa ofis tana cewa wane bai dace da aikin sama ba, to takardar sallama ce za ta dawo. Saboda haka ba ku taɓa kai takardar mutum ofis ba sai kun samar masa wani wurin a ƙasa. Ku ninke ta ku sa a aljihu, ku roƙi fomansa ya riƙe shi a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ku hau tsohon babur ɗinku bayan an tashi, ku shiga Bompai, ku shiga Challawa, ƙofa ƙofa, kuna gaisawa da masu gadi da manajoji da tsofaffin majinyatanku. Haka kuka yi wa Ya'u mutumin Maigatari, wanda ƙafarsa ta hagu ta fara ja. Sati uku takardarsa na aljihunku, har kuka samar masa gadin ƙofa a wani kamfanin alawa a Bompai, inda yake har yau. Na san mutum goma sha bakwai da kuka yi wa haka, kuma ban ce su ke nan ba.

Ni a lokacin ɓata lokaci nake ganin abin. Wata rana na faɗa maku, na ce mu namu awo ne da rubutu, neman aiki ba namu ba ne. Ba ku yi fushi ba. Kuka ci gaba da naɗe tef ɗinku, kuka ce: "Sa'adiya, takarda ba ta da iyali. Shi yana da su." Ni dai ban gamsu ba.

Sai injin nan ya zo, shekara biyu da suka wuce. Wasu masu sayen mai daga ƙasar waje suka ce sai sun ga shaidar ana gwada lafiyar masu aikin sama, kamfani ya sayo injin tafiya, irin mai bel da ke juyawa a ƙarƙashin mutum yana tafiya a wuri ɗaya. Ya zo da wasu 'yan na'urori kamar kwalin ashana da ake ɗaura wa mutum a ƙugu da idon sawu, su riƙa aika wa kwamfuta yadda jikinsa ke rangaji. In tafiyar ta yi kyau allo ya nuna kore, in ba ta yi ba ya nuna ja. Ina so duk mai karanta wannan ya sani, babu wanda ya kai ku murna ranar. Kun tafi gida da littafin injin, kuka karance shi tas, kuka dawo da shi duk ja-layi da biro. Kuka nuna mani inda aka rubuta cewa a gwada mutum a kan bel hannuwansa a sake, sannan a bar masa na'urorin a jiki ya yi tafiya a ƙasa, a gwama biyun, domin tafiyar bel daban take da ta ƙasa: bel ne ke yanka wa mutum sauri, ba rami, ba tsakuwa, ba kwana. Kuka ce yanzu za mu ga abin da bula ba ta iya nunawa.

Ranar buɗe ɗakin, manajan ma'aikata Alhaji Mustapha ya zo da baƙi da mai hoto. Wanda aka fara ɗorawa shi ne Shu'aibu, wani lebura daga wajen Maraɗi, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaukar buhu biyu a tare, amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ƙasa tana tafiya ba. Bel ya motsa, shi kuma ya tsaya cak yana kallonsa, bel ɗin ya tafi da shi baya ya zubar. Ko ƙwarzane bai yi ba, shi ya fara dariya ma. Amma Alhaji Mustapha ya ji kunya a gaban baƙinsa. Kafin a tashi ranar an manna sanarwa a bango, da sa hannunsa, cewa saboda kiyaye haɗari dole kowane ma'aikaci ya riƙe ƙarafan gefen injin da hannu biyu har a gama. A ƙasan wannan aka ƙara cewa an soke tafiyar ƙasa domin tana cin lokacin aiki, minti biyar ya ishi kowa.

Don Allah jama'a ku duba wannan lamari. Ana son a san ko ƙafafun mutum suna iya riƙe shi, sai aka ce ya rataye da hannuwa biyu a auna. Tir da wannan tunani. Tun daga ranar babu wanda ya sake faɗuwa a awon, ko mutum ɗaya. Sama da ma'aikata ɗari huɗu, shekara biyu a jere, kowa kore. Har wani da ya zo yana ɗingishi da targaɗen kwana biyu ya samu kore, ya sauka yana tambayata ko injin yana warkarwa ne. Aka sa takardar shaidar a gilashi aka rataye a ɗakin karɓar baƙi.

Sau huɗu kuna hawa ofishin Alhaji Mustapha da littafin nan a hannu, kun kuma rubuta wasiƙu da na buga maku da kaina. A zuwa na ƙarshe ya ce maku, cikin ladabin nan nasa mai tayar da zuciya, wai Baba ku bar zamani ya yi aikinsa, kuma bular nan tana ɓata baranda, baƙi na wucewa ta nan. Sati bai zagayo ba aka aiko masu shara suka kwashe buhunan sawun mutane na shekara tara da kuka jera a sito, kowanne da suna da kwanan wata, aka ƙone su a bayan ɗakin janareta. Kun tsaya kun kalli hayaƙin. Washegari kuka mayar da awonku can bayan kilinik, a lokacin hutun cin abinci, inda baƙo ba ya zuwa.

Kada in yi ta jifan wasu in manta da kaina. Ni ce nake danna maɓallin injin. Ni ce nake cewa malam riƙe da kyau, ni ce nake buga hatimi a kan kore. Ina yi ina tsaki, ina zuwa gida ina ba maigidana labari da zafi kamar wata mai gaskiya, gari ya waye in koma in buga. Ba ku taɓa ce mani kada in buga ba, domin kun san ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa. Shirun nan naku ya fi mani faɗa ciwo.

Auwalu mutumin Ringim ne, shekararsa arba'in da biyu, yana da mata da 'ya'ya biyar da tsohuwar mahaifiya a ɗaki biyu a Sharada. Sau shida yake hawa tsani a kowane aikin yini, ya bi gadar da faɗinta bai fi na dardumar salla ba, ya zura sanda a tanki ya ga inda mai ya tsaya. A ƙarshen watan Mayu, bayan Azahar, ina taga na ga ya fito masallaci, silifas ɗinsa na hagu ya zame ya tsaya a baya, shi kuma ya ci gaba da tafiya a kan tsakuwar da rana ta gasa har bakin sito, bai sani ba. Ku ma kun gani. Kuka ɗauki takalmin kuka bi shi da shi.

Ranar muka auna shi. Sugansa ya hau sosai, kuma bai taɓa sanin yana da ciwon ba. Kuka tsikare shi da tsinke tun daga yatsu har idon sawu, yana kallon rufi yana jiran ku fara. Sawunsa a kan takarda ya buɗe kamar na mai tafiya a cikin kwalekwale. Da ya rufe ido, ban kai ga ƙirga huɗu ba ya faɗo hannunku. Kuka sa na rufe ƙofa muka ɗora shi a injin. Da ya riƙe ƙarfe, kore. Da kuka ce ya saki, kuna tare shi ta baya, allo ya yi ja tun kafin ya yi taku goma. Ashe injin bai taɓa yi mana ƙarya ba, mu ne muka toshe masa baki.

Kun gaya wa Auwalu gaskiya a hankali, kuka haɗa shi da likita aka ɗora shi a kan magani, kuka roƙi fomansa Salisu ya riƙe shi a wajen cika jarkoki. Takardarsa ta shiga aljihu, babur ya fito. Sai dai zamanin ba irin na Ya'u ba ne. Rabin ƙofofin da kuka saba bugawa yanzu kwaɗo ne a jikinsu ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a harabar, masu aiki kuma rage mutane suke yi. Sati biyar kuna yawo. A dawowarku daga Challawa ruwa ya yi maku duka tun daga gada har gida, zazzaɓi ya kama ku, jininku ya hau, aka kwantar da ku.

Na zo duba ku a rana ta uku, harshenku ya yi nauyi. Kuka yafito ni, na sunkuya, kuka ce: "Takardar Auwalu na aljihun rigata. Kada ki kai ta tukuna. Akwai wani a Bompai da ya ce in dawo." Ni kuma, da iyayin nan nawa na ma'aikaciyar jinya, na gyara maku filo na ce Baba ku huta, a bar maganar aiki sai kun warke. Ban tambaye ku sunan mutumin ba, ban tambayi kamfanin ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta fi numfashi guda ba, kuma har in koma ga Allah ina jin takaicinta.

Ranar sadakar uku ina cikin gida tare da Hajiya Uwani, matarku, sai muka ji motoci. Alhaji Mustapha ne da tawagarsa, har da mai hoton nan. Muryarsa tana shigowa har tsakar gida. Wai ku ne uban kiyaye lafiyar ma'aikata a kamfanin, wai da shawararku aka kawo injin zamani, wai a ƙarƙashin kulawarku ba a taɓa samun ma'aikaci ko ɗaya da ya faɗi awo ba. Maza na ta cewa Allahu Akbar. Hajiya, baiwar Allah, tana share hawaye tana cewa ashe haka suke ganin girmansa. Ni kuwa wallahi tashi na yi na shiga bayi na tsaya har suka tafi. Da na koma aiki na tarar an kafa allo a ƙofar ɗakin injin, an rubuta sunanku da ruwan zinare, wai an sadaukar da ɗakin gare ku. Sanarwar riƙe ƙarfe tana nan a bangon ciki, an ma sake buga ta a sabuwar takarda.

Da babu mai roƙon Salisu, sati ɗaya da rasuwarku ya mayar da Auwalu sama. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma an matsa masa, kuma a rubuce Auwalu kore ne. Ga damina ta zauna, matakalar tsanin ruwa da mai. Sau shida a yini nake barin abin da nake yi in tsaya a taga, ina kallonsa yana hawa, kansa a sunkuye yana neman ƙafafunsa da ido. Abdullahi ya kawo mani abin da aka samu a aljihun rigarku, takardar tana ciki, ruwan Challawa ya jiƙa ta ta bushe, amma ana karanta rubutun. Na sa ta a jakata ina yawo da ita, ban san inda zan nufa ba.

Awon shekara ya zo a ƙarshen Yuli. Auwalu ya hau, ya riƙe ƙarfe, allo ya yi kore. Ya ga na ɗauki hatimi na tsaya, sai ya rage murya ya ce: "Anti Sa'adiya, ki buga kawai. Ki ba ni wata biyu in nemi wani wurin da kaina. Ina kula wallahi." Ina cikin wannan tsayuwar ƙofa ta buɗe, Alhaji Mustapha ya shigo da wasu baƙi biyu yana nuna masu allon sunanku, yana ba su labarin yadda ku da shi kuka tsara komai tare.

Baba, zan faɗi gaskiya tunda ku nake gaya wa. Na sha gaya wa kaina cewa tsoron kada Auwalu ya faɗo ne ya sa na yi abin da na yi. Akwai wannan. Amma abin da ya fi yawa a zuciyata a lokacin shi ne in kunyata mutumin nan a gaban baƙinsa, in ga fuskarsa ta zube. Na sake kunna injin, na ce Auwalu ya saki ƙarfen. Ya dube ni. Kun san yadda mutanenmu suke da masu farin kayan asibiti, ba sa yi mana musu. Ya saki. Taku shida ya yi ya tafi gefe, na kashe injin na tare shi, allo ya yi ja a gaban kowa. Na zaro takardarku na shimfiɗa a kan tebur, na faɗi duk abin da ke cikina tun shekara biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai La'asar ba.

Ranar Alhamis aka ba Auwalu takardar sallama saboda rashin lafiya. A cikinta an rubuta cewa an yi haka ne bisa binciken marigayi Malam Isyaku. Ku da kuka yi shekara goma sha ɗaya ba a kori mutum ɗaya da takardarku ba, ga shi an kori na farko da sunanku kuna kabari, kuma ni na miƙa masu. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Sanarwar tana bango, sauran ma'aikata sun gama awonsu, kowa kore. Auwalu ya biyo ta kilinik karɓar ragowar maganinsa, ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi yara, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Asabar uku ke nan ina shiga Bompai ina neman mutumin da ya ce ku dawo. Na fara da Ya'u, ya yi kuka da ya gan ni, amma bai san ko wane ne ba. Na bi ƙofofi, ana leƙo ni ta ƙaramar taga ana cewa manaja ba ya nan. Wasu da na ambaci sunanku sai su buɗe, su ba ni kujera, su yi maku addu'a, su ce ai kun zo, amma ba su ne ba. Ƙafafuna sun kumbura a Asabar ta farko. Sai yanzu na san nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa a unguwar nan, ku kuma da shekara sittin da takwas kuke yinta bayan kun tashi aiki.

Jiya, a dawowata, mai adaidaita ya biyo da mu ta Dakata, muka shiga cunkoson manyan motoci, an ɗauke ruwa ke nan. A gefenmu akwai tirela da aka yi wa lodin buhuna har ya wuce kan motar, wani mutum yana can ƙololuwa yana jan jiƙaƙƙen tamfol, ba takalmi, yana tafiya da baya da baya zuwa gefe. Tun kafin in ga fuskarsa na gane tafiyar. Auwalu ne. Gadar kamfaninmu, duk lalacewarta, tana da ƙarfen dafawa a gefe ɗaya. Can babu komai sai iska da kwalta a ƙasa. Na buɗe baki zan kira shi, sai na toshe bakin da hijabina, domin in ya ji sunansa zai juyo. Haka na zauna ina kallonsa har hanya ta buɗe, wata motar ta shiga tsakaninmu. Da yamma na buga masa waya, ya ɗauka da fara'a, ya ce Alhamdulillahi ya samu abin yi, kwanansa tara da farawa, ranar Litinin ma akwai lodi uku.

Ya Allah, ga bawanKa Isyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa kowane taku da ya yi a titunan Sharada da Challawa da Bompai saboda iyalin wani ya zama nauyi a mizaninsa, Ka tabbatar da ƙafafunsa a kan siraɗi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwani, da Abdullahi da Bilkisu da sauran 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Panshekara, da leburorin da suka yi rashin uba ba su da bakin faɗa a jarida. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da muka buga wa hatimi, Ya kyautata namu zuwan.

In akwai wanda ya karanta wannan a Bompai, ya tuna wani dattijo a kan tsohon babur da ya zo a watan Yuni yana nema wa mutum aikin ƙasa, ya ce masa ya dawo, don girman Allah ya neme ni a kilinik ɗinmu na Sharada. Dattijon ba zai dawo ba. Gobe da safe, lokacin da za a zauna yi masa addu'a a Panshekara, Auwalu zai hau lodin farko. Ya Allah, Ka sauko da shi da ƙafafunsa.